Ƙuri'ar Gwaggo Tasalla

A wani gari da ake kira Sai-Baɗi, an yi wani basarake mai suna Jatau, mai riƙe da sarautar Sarkin Nesa. Kakansa ya shigo garin ne tare da mayaƙan Birnin Tsallake, aka yanka masa rabin gonaki ladan gajiya. Mutanen Sai-Baɗi na ce wa Jatau baƙo, mutanen Tsallake na ce masa baƙauye. Ko a jikinsa, muddin kujerarsa na nan a Majalisar Tsallake, inda yake wakiltar Unguwar Cunkoso ta Sai-Baɗi.

Ita wannan unguwa, tun da rijiyarta ta ƙafe kowa ya tattara ya tashi. Saura mutum ɗaya, wata tsohuwa mai kaɗin zare, Gwaggo Tasalla. Doka kuwa ta ce in dai akwai mai numfashi a unguwa, to akwai kujera. Saboda haka duk bayan shekara huɗu Jatau kan ƙetaro kogi da makaɗa, ya hau kan turmi, ya yi wa Gwaggo jawabin awa biyu a kan ci gaba. Ta jefa ƙuri'a, a kwana uku ana ƙirgawa, a sanar ya lashe zaɓe.

Ran nan yana saukowa daga turmi sai ta ce, "Ɗan nan, ƙafafuna sun gaza zuwa kogi ɗebo ruwa. Jibi zan koma wajen 'yata."

Jatau ya ce, "Haba Gwaggo! Ki tafi ki bar ni da wa?"

Kafin jibi ya aiko jakuna goma masu kawo ruwa, da likita, da mai fifita, da ƙarti goma masu gadi, wai don kada ɓarayi su shigo. Abin mamaki, duk ƙartin nan cikin gida suke fuskanta. In Gwaggo ta yi atishawa a Sai-Baɗi, Jatau ke kwanciya da zazzaɓi a Tsallake. Ni dai ta ba ni tausayi: shekara shida ba ta ga jikokinta ba.

Da wahala ta ishi wakilin Jatau, Malam Nomau, sai ya je ya same shi.

"Ranka ya daɗe, jaki na uku ke nan ya mutu a hanya. Ai ƙartin nan in aka ba su diga, sati biyu sun cim ma ruwa a rijiyar nan."

"In an cim ma ruwa, sai me?"

"Sai jama'a su dawo, ranka ya daɗe. Gida ɗari uku."

Jatau ya dube shi sama da ƙasa. "Malam Nomau, tsohuwa guda ta hana ni sakat. Kai kuma so kake ka ƙaro mini ɗari uku?"

Washegari aka sayo sababbin jakuna. Maƙerin garin kuwa, wanda shi kaɗai ya iya ƙera diga, aka naɗa shi Sarkin Hutu da kiɗa da algaita, aka garƙame masa maƙera.