Hular Mong ta Sallau

Duk layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai babu wanda bai san Sallau ba, mutumin da in ya fara zuba sai ka nemi benci ka zauna. A faɗarsa shekara tara ya yi a Koriya. Wanda ya raka shi filin jirgi kuwa, har yau uwarsa ba ta haife shi ba.

To, sai ƙungiyar 'yan gwanjo ta gaji da fasa dila tana tarar da tsummokara, ta ce za ta tura mutum ɗaya Koriya ya riƙa zaɓo kaya da idonsa. Jirgi kyauta, masauki kyauta. Sallau ya ji, miyansa ya tsinke. Ya rantse ko ana ha-maza-ha-mata shi zai tafi.

Ranar zaɓen wakili aka taru a rumfar Alhaji Ilu, shugaban ƙungiya, ana fasa sabuwar dila. Sai ga wani ɗan mitsitsin abu ja, mai laushi, da ƙofofi biyu da maɓalli. A jikinsa rubutun Koriya, ƙasa kuma an sa da boko: MONG.

Alhaji Ilu ya juya shi gaba, ya juya shi baya. "Wannan ko jaririn wata bakwai ba zai shiga ba. Sallau, kai da ka sha ruwan garin, mene ne?"

Wuf! Sallau ya fizge. "Haba Alhaji! Da hannu biyu ake riƙe wannan. Hular manya ce! Can sai wanda sarki ya yarda da shi yake sa ta."

"Ƙofofin fa?"

"Na kunne ne mana! Garin sanyi, amma dole babba ya ji kukan talakawa."

Ya kifa ta a ka, ya zaro kunne ɗaya ta nan, ɗaya ta can, ya ɓalla maɓallin a haɓa, ɓas!

Zubairu, sakataren ƙungiya, ya gyara tabarau. "To, Mong ɗin me take nufi?"

"Yaro man kaza! Ma'anarta uku. In dattijo ya ce mong, ranka ya daɗe ke nan. In soja ya faɗa, to kowa ya yi ta kansa. In uwargida ta faɗa, tuwo ya sauka. Asalinta kuwa, wani sarkinsu ne ya leƙa rijiya, rawaninsa na ƙarfe ya zame ya faɗa, mong! Ni da kaina na sha ruwan rijiyar."

Rumfa ta ɗauki "Ikon Allah!" Wani ma har ya ɗaga hannu tun ba a fara zaɓe ba.

Zubairu ya ce, "Madalla. Dama Madam Han, wadda take aiko mana da kaya, ta ce a nuna mata wakili ta waya." Kafin Sallau ya samu hanyar sulalewa, Zubairu ya danna kira, fuskar matar ta bayyana a wayar.

Ba yadda zai yi. Ya rusuna, kunnuwa a waje, ya ce, "Mong, Madam! Mong, mong!"

Matar ta ƙura wa kansa ido. Sai ta tuntsire da dariya har wayar ta faɗi. Da ta ɗago tana share hawaye, ta tafa hannu ta yi kira. Sai ga wani ɗan farin kare ya yi tsalle ya haye cinyarta, sanye da irin jan abin nan mai maɓalli, ƙafafunsa biyu na gaba sun fito ta ƙofofin nan. Ya kalli Sallau, ya ɗaga kai ya hau haushi.

Ta yi magana da Turanci, Zubairu yana fassarawa yana riƙe ciki: "Ta ce rigar sanyin kare ce. Mong kuwa, haka suke kwaikwayon haushi a bakinsu. Ta ce wallahi naka ya fi na karenta fita."

Sallau ya kai hannu zai cire, maɓalli ya cije. Ya ja, ya ƙi. Ya sake ja, kunnuwa suka miƙe tsaye. Karen ya ƙara ƙaimi.

Alhaji Ilu ya janye tabarmarsa gefe. "Zubairu, ka shirya fasfonka. Ku kuma ku kawo buta da ƙasa mai tsabta. Kan nan sai an wanke shi sau bakwai kafin ya ƙara shigo mini rumfa."