Mai Igwa da Mujiyar Rana

Duk wanda bai taɓa ganin Mai Igwa ya fito ɗaukar hoto ba, ya yi asarar kallo. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, kuma don gudun kada jama'a su manta, shi da kansa yake lissafa musu. Ya yi ritaya yana Mataimakin Darakta, sai dai in ya zo gabatar da kansa kalmar farkon takan maƙale masa a wuya, ta biyun ta fito ita kaɗai. Da aiki ya ƙare, aka rasa masu miƙewa in ya shigo, sai ya koma wa tsuntsaye. Su kam ba su taɓa ba shi kunya ba, ko daga nesa suka hango shi tashi suke yi.

Ya sayi kyamara, ya ɗaura mata wani gilashi mai zuƙo nesa, tsawonsa ya kusa na taɓarya, nauyinsa kuwa sai da ya haɗa shi da likitan ƙashi. Maƙwabta suka raɗa wa gilashin suna Igwa, shi kuma Mai Igwa. Labari ya iso masa, ya ɗauka kirari ne, har yana amsawa. Kullum da safe zai saka kaya masu dabbare-dabbare irin na soja, ya kifa hula mai ganyen roba, ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya bakin daga. Daga nan ya hau bene, ya kafa Igwa a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ya zauna a baranda a kawo masa shayi.

"Masu ƙananan kyamarori su ke rarrafe cikin ƙaya," in ji shi. "Ƙwararre ba ya bin tsuntsu. Daga nan inda nake zaune nake kiransa, ya zo gabana."

Igwa tana da ɗan hali guda: ba ta ganin abin da ke kusa. Matarsa takan ajiye kwanon ruwa a gefen barandar, kurciyoyi da wasu 'yan tsuntsaye masu jan ƙirji su sauko su sha, su yi wanka a gaban hancinsa. In ya juya Igwa kansu, ba abin da yake gani sai dishi-dishi. Ya yanke hukunci cewa gilashin ne ba ya kula talakawan tsuntsaye, ya riƙa korarsu da hula. Shi ma yana da irin halin, domin rubutun waya ya daɗe da fin ƙarfin idonsa. Amma tabarau na can cikin aljihun tebur, don mai idon mikiya ba ya yawo da irin wannan.

Abin da ke hana shi sukuni kujera ce. A garin akwai ƙungiyar masu ɗaukar hoton tsuntsaye, kuma al'adarsu duk shekara kowa ya nuna hoto ɗaya a majigi, wanda nasa ya fi ya zama shugaba, a ba shi kujerar tsakiya da ƙararrawar buɗe taro. Kujerar ta daɗe a hannun wani likitan haƙori, ɗan guntun mutum mara surutu, wanda ƙafar wandonsa ba ta rabuwa da taɓo. Wannan abu yana ci wa Mai Igwa rai ƙwarai. A ce tsohon Darakta yana zaune a layi na uku, mai cire haƙora na kaɗa masa ƙararrawa!

Ana cikin haka rabo ya tsaga. Wata safiya yana shara da Igwa can bayan tashar mota, sai ya hango wani abu a ƙololuwar rufin wani siton hatsi. Ya murɗa gilashin har ƙarshe. Mujiya ce! Ƙatuwa, da rana tsaka, ido rawaya, ga wani farin tabo a tsakar kanta kamar hula. Nan take ya dinga danna kyamara. Kashegari ya same ta a wurin, haka jibi, haka gata. Sauran tsuntsaye kafin ya saita su sun yi gaba, ita kuwa ko gezau. In iska ta taso takan ɗan juyo ta fuskanci barandarsa, shi ma ya ɗaga mata hula.

"Ta san wanda ke ɗaukar ta," ya gaya wa matarsa. "Wannan sabon jinsi ne, babu shi a littafi. Har tantabaru ke zuwa su zauna kusa da ita suna kwasar gaisuwa."

Ta leƙa ɗan allon kyamarar ta ce, "Baban yara, wannan tsuntsuwar taka ba ta cin abinci ne? Ko ka ɗan taka ka gan ta kusa mana."

"In taka? Me Igwa take yi? Ke dai ki tsaya a kan kurciyoyinki."

Ta ɗauki kofin shayi ta sauka abinta.

Ranar taro Mai Igwa bai zo shi kaɗai ba. Ya gayyato tsofaffin abokan ofis, da surukai, da ƙanin matarsa, direban babbar mota da ke lodi a tashar nan. Ya kuma sa tela ya ɗinka masa sabuwar riga mai aljihu goma sha wani abu, ya bar fili a ƙirji inda za a rubuta Shugaba. Aka ja labulen ajin makarantar da suke haɗuwa, sakatariyar ƙungiya, wata tsohuwar malama, ta kunna majigi.

Likitan haƙori ya nuna zalɓe da kifi a baki, fiffike ɗaya ya ɗan yi hazo saboda motsi. Mai Igwa ya yi tari mai ma'ana, ya ce, "An yi ƙoƙari, gwargwadon kayan aiki."

Sai mujiya ta cika bango. Mai Igwa ya sanar cewa wannan sabon jinsi ne, har tantabaru na zuwa wurinta kwasar gaisuwa. Ɗaki ya ɗauki kabbara da tafi. Gaskiya hoton ya yi kyau, tar da shi, har likitan ya gyaɗa kai ya fara laluben ƙararrawa don ya miƙa. Da Mai Igwa ya zauna a nan, da yanzu muna kiransa shugaba. Amma ina! Ba a yabi Igwa ba tukuna.

"Ku dakata, ba ku ga komai ba," ya ce, yana ɗaga hannu. "Wannan gilashi yana ƙirga gashin tsuntsu daga wata unguwa. Malama, zuƙo mana ƙirjin."

Ta zuƙo. Wani siririn layi ya bayyana, miƙaƙƙe sak tun daga wuya har ƙasa, irin wanda ake gani a jikin bokiti.

"Kun gani? Alamar jinsin ke nan. Ƙara, Malama, sauka wajen farata."

"Yallaɓai, ko a bar shi haka?" ta ce a hankali.

"Na ce ki ƙara!"

Ta ƙara. Igwa dai ba ta ha'inci. Ga faratan nan a manne wuri ɗaya, ga ƙaton noti mai tsatsa ya ratsa tsakaninsu, ga waya an naɗe ta a jikin sanda. A gefen ido fenti ya ɓare, baƙar roba ta leƙo. Mai Igwa ya matsa jikin bango, ya ƙanƙance idon mikiya, ya ja baya, ya sake matsawa. Wani daga cikin tsofaffin abokan ofis ya tausaya masa, ya miƙo masa tabarau. Ya saka, ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Yaya, ai ta rufin sito ce!" ƙanin matarsa ya faɗa daga baya, da murnar wanda ya gamu da ɗan unguwarsu. "Masu hatsin suka ɗaure ta don ta riƙa korar tantabaru. Amma fa ba ta yi aiki ba."

Wani ya yi ƙoƙarin mai da dariyarsa tari, ta ƙi. Likitan haƙori, wanda ya saba duba abu da kyau kafin ya yi magana, ya roƙi Malama ta hau sama zuwa farar hular. Ya dube ta jim, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ina jin gaisuwar da tantabarun ke kawowa ke nan."

Ya kaɗa ƙararrawa, aka tashi taro.

Tantabarun tashar nan, da ɗan kansu kamar goro, tun makon farko suka gane roba ce, suka mai da ita wurin zagayawa. A duk faɗin garin, halitta ɗaya tak mujiyar ta samu ta ruɗa, shi ma sai da ya sayi gilashi na musamman.