Rasuwar Kofur Gaggafa, Wanda Ba a Gama Karantawa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗakin girki mai cike da hayaƙi har yanzu, Delbert Hruska, mai facin taya a bakin titin Zanesville ta jihar Ohio, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Kofur Gaggafa, fitowa ta ɗaya, mujallar zane mai shafi sittin da huɗu. Ya rasu ranar huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasa, yana da shekara tamanin da biyu.

An haifi marigayin a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ya zo duniya da wando shuɗi, riga mai taurari, da haɓa kamar bulo. Mutum ne mara yawan magana. Abin da aka fi ji daga bakinsa da hannunsa shi ne "Kaɓam!" da "Tas!", sai kuma "Fau!" idan abokin gaba ya yi gardama. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, kofur ya zo, kofur ya koma.

Delbert ba ya son ɓoye-ɓoye, don haka ya ce a faɗi gaskiya ko da a kan gawa ne. Marigayin ɗan gudun yaƙi ne. A wancan lokaci ana bi gida-gida da amalanke ana tara tsofaffin takardu don aikin soja. A bangon baya, Kofur da kansa ya nuna yatsa yana cewa, "Idan ka gama karanta ni, ka miƙa ni." 'Yan'uwansa dubbai suka tafi, ba wanda ya dawo. Otis, mahaifin Delbert, yana ɗan shekara tara ya duba maganar da kyau, ya ga an ce idan ka gama. Sai ya ƙi gamawa. Ya karanta har inda aka ɗaure Kofur a bakin igwa an kunna lagwani, ya rufe, ya tura ƙarƙashin katifa. Da shi ya yi aure, da shi ya tsufa. Ranar da zai cika ya riƙe hannun Delbert, bai yi zancen gida ba, bai yi zancen mota ba, ya ce kada wani ɗan gidan Hruska ya buɗe shafin ƙarshe, in an buɗe to sai a miƙa. Delbert ya riƙe amanar nan shekara ashirin da shida.

Marigayin ya daɗe yana fama da jinya. Fatarsa ta yi rawaya, ƙananan ƙarafa biyun da ke riƙe da takardunsa ta baya sun yi tsatsa. Ciwon ajali ya same shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sa'ad da tiyon injin wanki ya fashe ana can waje ana gasa nama. Delbert ya tsamo shi yana ɗiga. Ya gwada na'urar busar da gashi ta matarsa Marlene, ba sauƙi. Nan Gus, ƙanen Marlene, wanda bai taɓa gyara ko tocila ba amma ya san maganin komai, ya ba da shawarar a sa shi a akwatin ɗumama abinci na lantarki, wanda ba ya shiri da ƙarfe, minti biyu kacal. Ba wanda ya tuna da ƙarafan nan. Kofur ya yi "Tas! Tas! Fau!" kamar yadda ya saba, ya watsa tartsatsi shuɗi da ja, ya riga duk garin fara wasan wutar bikin. Akwatin ma bai tashi ba.

Takarda ɗaya ce ta tsira, kuma kowa ya san wacce: mai ɗauke da shafin ƙarshe. Marlene ta ɗauke ta da matsefata, ta gyara tabarau, ta hau karantawa. Delbert ya rufe ido, ya toshe kunne yana rera taken ƙasa da ƙarfi. Da ya buɗe ido ta ce, "Na gama, tsoho. Ni ma Hruska ce, shekara talatin ke nan. Sai ka miƙa shi."

Ya rasu ya bar leda ɗaya da kwalin da yake jingina da shi, da jikoki, wato mujallun da suka biyo bayansa, fiye da ɗari huɗu a akwati. Cikinsu akwai wanda ya bi 'yan leƙen asiri, da wanda ya tara gemu ya daina gaida tuta, da uku da kamfani ya kashe ya sake tayarwa. Delbert ya jira kwana uku ko tashi bayan mutuwa abin gado ne. Kofur bai tashi ba.

Za a yi jana'iza ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe a ƙofar gida, lokacin da motar kwasar tsofaffin takardu ke wucewa. Gawar tana cikin shuɗin bokiti. Za a sara masa, don ya amsa kiran ƙasa, ko da ya makara da shekara tamanin da biyu. Ba a gayyaci Gus ba. Masu zuwa ta'aziyya, duk wanda Marlene ta gaya wa yadda aka ƙare da igwar nan, ya ci naman da ya rage ya kama bakinsa. Delbert a shafi na sittin da uku ubansa ya bar shi, kuma a nan yake.