Hoton Rumbun Muntaka

"Lafiya lau, sai zafi. Ya mutanen Damagaram?"

"Duk suna gaishe ka. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi, tunda matata ta tuna tana da miji. Wata biyar, Habsatu! Ko saƙon goro babu."

"Goro kuma? Da wane haƙorin za ka tauna?"

Wannan gaisuwa ta gudana ne a Matameye da hantsin wata Laraba, cikin bazarar shekarar 2010. Waɗanda suka ga shekarar suna tuna ta da abu biyu. Daminar da ta gabata ta ɗauke tun hatsi bai nuna ba, sannan sojoji sun karɓi mulki a Yamai. A tsakanin waɗannan biyun masu rubuta sunaye suka yawaita a unguwanni, wasu don rabon taimako, wasu kuwa ba wanda ya san dalilinsu. Muntaka, wanda ya haura saba'in, ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa duk takardar da ta biyo mutum har ƙofar gida, abinsa ta zo ɗauka.

Habsatu jikarsa ce, ɗiyar ɗiyarsa, kuma a Damagaram ta tashi. Ta gama wata uku tana istaj, wato koyon aiki na ɗalibai, a wani ƙaramin ofis da ke ƙera shafukan intanet. Tun kafin ta zauna a bakin tabarma idon tsohon ya sauka kan baƙar jakar da ta rungumo.

"Mene ne a ciki? Lefen da na yi miki ne kika maido?"

"Lefen da ka yi mini ai ko aljihu bai cika ba. Ordinatar ce."

"A'uzu billahi. Juya fuskarta can. An ce tana ji."

"Wa ya ce?"

"Mutane. An ce duk abin da ta ji da safe, kafin azahar yana kan teburin soja."

"To soja ya rasa aikin yi sai sauraron tarinka? Kai fa ko matan gidan nan sun daina sauraron ka."

Ta buɗe jakar, ta fito da ordinatar, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, ta ɗora a cinya. Sai kuma ta zaro takarda guda da ɗan akwatin tawada irin ta dangwale, ta ajiye a gabansa. Muntaka ya janye hannayensa biyu ya tura su cikin riga.

"Na sani! Tun da na ga kina murmushi na sani. Gonar Fadama za ki sayar."

"Wa zai sayi gonar da ko akuya ke ratsawa ba ta tsaya ba? Izini nake nema, tsoho."

"Izinin auren wani? Na ba ki, ba sai da tawada ba. Allah ya ba shi haƙuri."

"Izinin hotonka. Aikin da aka ba ni na ƙarshe shi ne in yi wa ƙungiyarku ta manoma shafi, ko Allah zai sa masu taimako su gani su kawo irin shuka kafin ruwa ya sauka. Na gama tsaf. Amma Madam Balki, wadda ke koya mana, ta ce ba za ta sa hannu a takardar shaidata ba sai na kawo yardar duk wanda hotonsa ke ciki."

"Wata uku kina can, abin da kika koyo ke nan? Roƙon yatsan tsofaffi?"

"Na koyi abin da kai ba ka koya ba a shekara saba'in. Na koyi cewa idan hoto ya yi nauyi, ba ya buɗewa a garin da rezo, wato layin intanet, ba ta da ƙarfi. Naka sai da na rage shi sau uku."

"Nauyin mutunci ne."

"Kunnuwa ne. Su kaɗai suka cinye rabin shafin."

"Waɗannan kunnuwan su suka ji kukan ki ranar da aka haife ki, na ce a mayar, ba wannan na yi oda ba."

"Kuma na koyi cewa ba a yi wa mutum shafi da irin kalar da kai kake so, sai wadda shi yake so. Na yi sati guda ina zuba ja da ruwan goro, Madam ta dube shi ta ce, manomi zai karanta ko amarya za a kai? Ta sa na rushe duka."

"Matar nan tana da hankali. Tana da miji?"

"Tana da shi, kuma yana da haƙora."

Muntaka ya yi dariya, amma hannayensa ba su fito daga riga ba.

"Wannan shafin naki, wa ke ganin sa?"

"Kowa. Daga Yamai, daga Kano, har Makka. Da ya fita zan aika wa Kawu Rabi'u adireshin, ya shiga inda ake biyan intanet ya nuna wa ƴan garin nan da ke ci-rani. Su ga ubansu ya zama sananne."

"To nuna mini in ga irin ƙaryar da kika yi mini."

Ta juyo da allon ta kare shi da mayafinta saboda hasken rana. Tsohon ya matso, ya ƙanƙance ido. Ga shi nan kuwa cikin farar rigar Babbar Sallah, ranar da ta zo yawon Sallah ta tsayar da shi a tsakar gida ta ɗauke shi. Hoton ya yi kyau. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai idonsa ya wuce kafaɗar mutumin da ke cikin hoton, ya sauka kan abin da ke bayansa.

Rumbunsa ne. Murfin ciyawa yana ajiye a ƙasa, bakin rumbun a buɗe yana kallon sama, kuma a gindinsa babu kaza ko ɗaya.

Ɗan birni zai ga hoton ya ce tsoho da rumbu, ya wuce. Amma duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ba a sauke murfi a bar rumbu buɗe wata biyu bayan girbi, sai idan babu abin da rana ko tsuntsu zai ɓata a ciki. Ya kuma san kaji ba su barin gindin rumbun da ke zubar da tsaba. Safiya ɗaya ce tak Muntaka ya sauke murfin nan don ya share ƙasan rumbun ya tattara abin da ya rage, kuma safiyar ce yarinyar nan ta zaɓa. Tun daga ranar murfin yana bisa, a ɗaure. Awaki uku sun tafi kasuwar Kance ɗaya bayan ɗaya, buhun da suka zama yana ƙuryar ɗakinsa, daga nan yake auna wa matan gida. Ɗansa Rabi'u, wanda da ƙyar ya samu aikin gadi a Kano, ya sha tambayarsa ta waya, kullum amsa ɗaya yake ba shi: rumbu zai kai mu shuka, zauna inda kake. Idan Rabi'u ya ga hoton nan, zai ajiye aikin ya hau mota. Sauran ƴan ci-ranin kuma kowa zai bugo wa gidansu, kafin Juma'a Matameye ta gama ji.

"Wa ya ga wannan?"

"Ka ji tsoho. Yanzu fa kake cewa ƙarya na yi maka."

"Na ce wa ya gani?"

Muryar ta sa ta ɗago kai. Ta ce, "Ba kowa. Bai fita ba tukuna, a cikin ordinatar kawai yake. A ofishinmu ba a sakin shafi sai an gwada shi an sake gwadawa."

"Haka kuke cewa. Mai rubutun sunaye ma cewa ya yi takardar ba ta wuce jakarsa."

"Wallahi ni da Madam Balki kaɗai."

"Ita ƴar ina ce?"

"Ƴar ƙauyen Dawce ce, can ta yi firamare."

"Me ta ce da ta gani?"

"Ba ta ce komai ba. Ta dai daɗe tana kallo. Sauran hotunan cewa ta yi in buga waya in tambaya ya isa. Naka ne ta ce in hau mota in zo da kaina, in nuna maka, in…"

Habsatu ta dubi allon, ta ɗaga kai ta dubi saman katanga, inda murfin rumbun ke leƙowa a ɗaure tam da sabuwar igiya. Ta sake duban allon. Muntaka yana kallon ta tana haɗa lissafin da bai so kowa ya haɗa ba. Idan ta yi kuka, ko ta ce wayyo Kaka, to magana ta fito fili, ba mai mayar da ita.

Ta ja numfashi, ta gyara mayafi, ta taɓe baki.

"Kai, yanzu na lura. Hoton nan bai yi ba sam."

"Da ma."

"Dubi wuyanka kamar na zalɓe. In masu taimako suka ga wannan, ai magani za su aiko, ba iri ba."

"Mai ɗaukar ce ba ta iya ba. Ni da aka ɗauka a Kano shekara arba'in da suka wuce, mai hoton bai karɓi ko sisi ba, cewa ya yi in bar masa ɗaya ya manna a shago."

"Don ya kori ɓeraye. Goge shi zan yi."

"Goge a gabana."

Ta danna, hoton ya ɓace, wurinsa ya zama fari. Tsohon bai gamsu ba.

"Ina ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ba abin da ke tafiya haka nan. Ko bunu aka share, akwai inda ake zubawa."

Ta kalle shi da mamaki na gaskiya. "Wallahi tsoho, da kai aka kai istaj ɗin nan. Akwai kwandon shara a ciki." Ta buɗe, ga hoton kuwa kwance, ya ƙanƙance. Muntaka ya zabura.

"Kin gani! Munafuka! Na ce miki tana ɓoyewa!"

"To ga shi na zubar da kwandon."

"Abin da kika ɗauka da shi fa? Wancan ƙaramin mai ido ɗaya?"

Ta zaro kyamarar daga jaka, ta nemo hoton, ta miƙa masa, ta nuna masa inda zai taɓa. Ya fito da hannunsa na dama daga riga, ya danna da kansa, har sau biyu don tabbatarwa.

"Wajen matar Dawce fa?"

"Ba ta riƙe ba. Wadda ta turo ni tun daga Damagaram don in tambaye ka, ita ce za ta yaɗa?"

Ya auna maganar. Ya ga ta zauna daidai.

"To shafin naki ya mutu ke nan? Takardar shaidar fa?"

"Shafi yana nan. Zan ɗauke ka da yamma a bakin rijiyar lambu, da hauya a kafaɗa, kamar mai aikin kirki. Buƙatar iri kuma da sunan ƙungiya za a rubuta, gida arba'in a dunƙule, ba sunan kowa."

"Ba katanga, ba tsakar gida."

"Ba ko inuwarsu."

"Kuma ki rage kunnuwan."

"Wannan sai an kai Faransa."

Ya jawo akwatin tawadar, ya buɗe, ya ɗaga babban yatsa, sai kuma ya tsaya da shi a sama. Bai dube ta ba da ya yi tambayar.

"Kawunki zai bugo miki. Ya san kin zo. Zai ce ya kika baro gida."

"Zai ce."

"Me za ki ce masa?"

Habsatu ta rufe ordinatar a hankali, ta ɗora hannu a kai.

"Zan ce masa na tarar da kai yadda na bar ka. Rowa ta ƙaru. Ka ɗaure rumbu da igiya sabuwa, na roƙi dami ɗaya na fura ka ce in koma gidan ubana."

Dariyar da ta kama Muntaka sai da ta koma tari, tarin ya kawo hawaye, ya goge da bakin riga. Ya luma yatsan cikin tawada, ya danna a takardar da ƙarfi har ta lotsa. Sannan ya laluba aljihu ya fito da goro guda, ɗaya tak da ya rage masa tun Juma'a, ya jefa mata a cinya.

"Ungo. Kin ci. Amma ki ƙara masa da cewa har sanda na ɗauko miki."