Aljihun Kawu Barau

Wani tela ne a Gusau, Kawu Barau, wanda babban ruwan da ya taɓa gani a duniya bai wuce madatsar Bakolori ba. Ɗan 'yar'uwarsa Lurwanu, mai sayar da yadi a tsibirin Panya, ya ga yarinya a cikin Hausawan can, ya aiko masa da tikitin jirgi ya zo ya nema masa aurenta. Matsala ɗaya ce. Baffan yarinyar, Malam Isiyaku, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba zai ba da 'ya ga wanda ba shi da muhalli ba, Lurwanu kuwa a bayan kantar shagonsa yake shimfiɗa tabarma.

Ranar da za a je, da hantsi, Lurwanu ya ja kawun nasa bakin teku don ya buɗe ido. Suka tarar ruwa ya janye can nesa, ya bar baƙaƙen duwatsu da 'yan kududdufai.

Kawu ya riƙe baki. "Kai Lurwanu, wa ya kwashe ruwan?"

"Zai dawo da la'asar, Kawu. Kullum haka yake yi."

"Ikon Allah! Ruwa ma da zuwa cin rani."

Ya naɗe ƙafar wando ya shiga leƙe-leƙe. Nan ga wani abu kamar bushiya, baƙi ƙirin, duk jiki ƙaya. Can ga wani kamar fure, ya sa yatsa ya taɓa, abin ya tsuke, Kawu ya yi baya da salati. Ya ɗaga wani mai kamar tauraro, ya juya gaba ya juya baya yana neman inda kansa yake, ya rasa, ya mayar. Sai idonsa ya faɗa kan bawon katantanwa birjik, masu zane kamar an yi musu surfani. Lurwanu ya koma gefe yana amsa waya, Kawu ya tuna jikokinsa, ya yi ta tsinta yana durawa a aljihunan wando har suka cika taf. Bai san akwai wata 'yar ƙaguwa da ke shigewa irin wannan bawon ta mayar da shi ɗakinta ba, ta noƙe ciki da zarar ta ji motsi.

Bayan azahar Kawu ya zumbula babbar riga a kan wandon nan, mai masaukinsa ya raka shi zauren Malam Isiyaku. Dattawa sun cika tabarma. Aka gaisa, aka yi addu'a, Kawu ya gyara murya ya fara yabon ɗansa: ga ladabi, ga salla a kan lokaci, ga neman na kai. Yana cikin haka ya ji wani abu ya yi masa susa a cinya. Ya gyara zama. Abin ya ƙara, wannan karon ta ɓangare biyu.

Malam Isiyaku ya sauke tabarau ya dube shi. "Duk mun ji, Malam Barau. Magana ɗaya ta rage. Yaron nan yana da gida?"

Daidai nan wata ƙaguwa ta samu tsoka ta datsa.

"Wayyo Allah!" Kawu ya zabura har hula ta karkace.

"Subhanallahi! Tambayar ce ta yi zafi haka?"

"A'a, ranka ya daɗe, ai gida... gida kam..." Aka sake datsa. Kawu ya cije leɓe, gumi na tsattsafo masa, ya dafe cinya da hannu biyu kamar mai tahiya. Mai masaukinsa ya sunkuyar da kai, don ya ɗauka ƙarya ce ta maƙale wa baƙonsa a wuya.

Da abin ya fi ƙarfinsa, Kawu ya cusa hannu ta ƙarƙashin riga ya zazzage aljihu. Sai ga su suna fitowa daga bakin rigar, ɗaya bayan ɗaya, kowace na jan bawonta a baya, sun miƙi tsakiyar tabarma sun nufi faifan goro. Dattawa suka ɗage ƙafa. Wani ya kwashe da dariya har da tari.

Malam Isiyaku bai ko murmusa ba. Ya bi su da kallo har ta gaba ta hau faifan, sannan ya ce, "Ashe da rakiya kuka zo. Waɗannan su ne dangin angon?"

Kawu Barau ya daidaita hularsa, ya share gumi.

"Su ne, ranka ya daɗe, kuma talakawan cikinmu ke nan. Ka dai duba da kyau ka nuna min wanda ya zo babu gidansa."