Ranar da na tsine wa kaina a bainar jama'a

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a shekarar 2006 ba, kuma ko na so mantawa, dangi ba za su bari ba.

Lokacin ina kula da sito a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Sai ga katin gayyata daga Nasiru, wanda muka yi firamare tare a Ɗorayi. Wai ya shirya fim, zai haska shi a wata masaƙa da aka rufe a Bompai, inda mahaifinsa ya yi aiki har ya rasu. Na sha shadda, na ɗauki matata, muka zauna a sahun gaba (ni a dole abokin darakta).

Fim ɗin babu waƙa babu rawa. Sai a daɗe ana nuna taga kawai. Har na fara hamma, can sai labarin ya kama ni. Wani yaro ne mai in'ina, maraya, kullum da hular aikin babansa yake zuwa makaranta, ta yi masa yawa. Wani ƙaton ɗan ajinsu ya sa shi gaba, yana kwaikwayon maganarsa. Rannan ya fizge hular ya jefa a kwata, yaron ya tsaya yana kallo ruwa ya tafi da ita. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da aka gama aka ce mai tambaya ya yi. Ba ni da tambaya, amma na karɓi makirfo. Na ce ni aminin Nasiru ne tun yarinta. Na yi wa'azi a kan tarbiyya, na ce irin wannan mugun yaro ba ya gamawa lafiya. Na rufe da cewa, "Nasiru, in ɗan ajinmu ne faɗa mini sunansa, ko yanzu sai na neme shi."

Nasiru ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ke gefena ta gyara tabarau, ta ƙare mini kallo. Ashe mahaifiyarsa ce.

"Ba kai ne ɗan gidan Malam Sani tela ba?" in ji ta. "Ai gidanku na kai ƙara ranar da ka jefa hular Nasiru a kwata, uwarka ta zane ka a gabana."

Makirfon na hannuna, kowa ya ji. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Dukan nan na tuna shi sarai. Shekara da shekaru ina ba da labarinsa a matsayin zaluncin da aka yi mini. Abin da ya jawo shi ne kawai ya ɓace mini.

A waje na tari Nasiru, bakina na rawa (ni ne mai in'inar yanzu), na nemi gafara. Ya ce ba don ya tozarta ni ya yi fim ɗin ba. Fuskar babansa ce ta ɓace masa, hular kaɗai yake iya tunawa, shi ya sa.

"Na yafe tun tuni," ya ce, yana murmushi. "Amma da na ga kana kuka, na ɗauka ka gane kanka."

Mahaifiyarsa ma ta yafe, bayan ta ƙara mini faɗa. Yau ni da Nasiru zumunci muke na gaske, 'ya'yanmu makaranta ɗaya.

Tun daga ranar, in na ji ana labarin wani azzalumi, sai na fara tambayar a wace unguwa aka yi, a wace shekara, kafin in buɗe baki.