Ranar Da Na Shafe Wa Surukina Fuska

Ko yau aka tashe ni daga barci zan ba da labarin nan tiryan-tiryan, domin ba zan taɓa mantawa da ranar da na shafe wa surukina fuska ba. (Fuskar gida nake nufi, ku kwantar da hankalinku.)

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, ko'ina ka duba a Birnin Kebbi gini ake yi, mu magina kuwa sai ɗaga hanci. Ni dai a fagen filasta ba na jin akwai na biyuna. In na shafe bango, ƙuda ya sauka sai ya zame. Har laƙabi aka sa mini, Sumul, ina kuma amsawa da ƙarfi.

Ina neman auren Balkisu, 'yar wani Alhaji Bakaben Argungu mai fataucin albasa, wanda ya gina sabon gida a Gwadangaji. Ba ni kaɗai ba ne kuma. Akwai wani ma'aikacin gwamnati mai sabon babur da ke zarya, Alhaji kuma bai ce ga wanda zai ba ba. Ni ba babur, ba albashi, sai cokalin gini.

Duk ranar da na je zance, gaban gidan nan yana ci mini rai. Wasu manyan allunan kankare ne aka zubo a wani wuri, aka kawo a mota aka jera, tsakuwa ta fito ƙuru-ƙuru, ja da fari da baƙi, kamar bayan kada. Na ce a raina, wane marar imani ne ya yi wa dattijo wannan aika-aika ya gudu? Na tambayi Balkisu, ta ce, “Baba ma yana ta hwaɗa. Wai masu aikin sun tahi ba su ƙare huskar gida ba.”

(Abin da ya rage, daga baya na ji, shi ne a wanke allunan da ruwa da burushi don tsakuwar ta yi ƙyalli. Tambaya ɗaya za ta fisshe ni, amma ina! Ai Sumul ya san komai.)

A wajenmu saurayi kan tara abokai a yi wa surukai gayya a gona. Na ce tawa gayyar a bango za a yi ta. Da na ji Alhaji ya tafi Argungu zai kwana, na kwaso abokan aikina, muka kwaɓa siminti muka hau. Mahaifiyar Balkisu ta leƙo daga zaure ta ga abin da muke yi, ta dafe ƙirji, amma kunyar suruki ta hana ta buɗe baki. Sai ta aiko mana da fura. Ni kuwa na ɗauka yabo ne, na sha na ƙara himma. Kafin magariba babu tsakuwa ko ɗaya da ke leƙen duniya.

Washegari na sa rigata ta Juma'a, na je na tsaya jiran godiya. Can sai ga mota cike da dattawa, ta zo ta wuce gidan fuu. Ta je gaba ta tsaya, ta dawo da baya a hankali. Ashe abokansa ne Alhaji ya kwaso tun daga Argungu su zo su ga adon da babu irinsa a unguwar.

Ya fito ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, “Jama'a, ina gidana?”

Na durƙusa na sunkuyar da kai, ina murmushi ƙasa-ƙasa. “Ni na, Baba. 'Yar gudummuwa ce.”

Alhaji ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, “Yaro, tsakuwar ga da hannuna niz zaɓe ta. Ɗaya-ɗaya anka jera ta cikin akwatin zubi kahin a zuba kankare bisa. Ita ce adon. Ita nik kira mutanen ga su gani.”

Bai tsaya nan ba. Ya matso, ya shafa tsagen Kabawa da ke kumatunsa, ya miƙo mini fuskar. “To Sumul, ga tawa ma duk zane. Ɗauko cokalinka ka ƙarasa ladanka.”

Dattawan nan suka fashe da dariya, ɗaya har hularsa ta faɗi. Daga cikin zaure na jiyo wata dariyar da na sani sarai, ita ce ta fi yi mini ciwo. Na ce shi ke nan, mai babur ya yi mata.

Da sassafe na dawo da ƙusa da guduma da burushin waya, ba wanda ya aike ni. Abokan gayya duk suka ɓace. Na yi ta ɓamɓarar aikin hannuna, ina tono tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, 'yan unguwa na wucewa suna “Sannu da gyara, Sumul!” Alhaji yana zaune a inuwa da rediyonsa, bai taɓa ce mini sannu ba. Sai da na kusa gamawa ya ce in bar wani ɗan wuri a saman ƙofa yadda yake.

Daga baya ya aika wa baffana da saƙo: “Wanga yaro wawa na, amma ba ya gudu. Ku turo.”

Yau jikokinsa, wato 'ya'yana, duk wanda ya yi wayo sai ya tambayi dalilin shafaffen wurin nan, uwarsu kuma ba ta gajiya da bayani. Ni dai na koyi darasi. In na je gidan surukai, ko tabarma na gani a karkace, sai na tambaya ko ado ne.